Lafiya Uwar Jiki: Ba kowane kumburi ne targaɗe ba

A Gaya, bakin kogin Kwara, tsakanin Malanbil ta Benin da Kamba ta Najeriya, yara suna wuni a fadamun shinkafa da na rake ba takalmi. In idon sawun yaro ya kumbura, abin da uwaye suka fi cewa shi ne targaɗe, sai a nufi gidan maɗori. To amma kumburin da ya zo tare da zazzaɓi, yaro ya ƙi taka ƙafa, sau da yawa ciwon ƙashi ne.

Ƙwayoyin cuta ne ke haddasa shi, musamman wadda lokotoro ke kira istafilokok. Suna isa ƙashi ta hanyar jini, ko ta miki, ko ta karayar da ta huda fata, irin wadda hatsarin kabu-kabu ke jawowa. Yara masu emasi sun fi kowa kamuwa.

In aka yi jinkiri, mugunya tana taruwa cikin ƙashi, ta toshe masa jini, wani ɓangare ya mutu. Daga nan ta cinye guringuntsin gaɓa da wurin da ƙashin yaro ke tsawo. Ƙafar sai ta karkace, ko ta gajarta, gaɓar ta saki, ta kasa ɗaukar nauyin mai ita. Ɗauri da tsaga da murza ba su kashe ƙwayar cuta. Ɓata kwanakin ceto kawai suke yi.

Wajibi ne uwaye su kai yaro likita tun ranar farko. Hoton ƙashi ba ya nuna ciwon sai bayan kwana 10 zuwa 14, saboda haka lokotoro ba ya jiran hoto kafin ya soma magani. Maganin yakan ɗauki sati 4 zuwa 6. Ƙwaya biyu ta ƴan talla kwantar da ciwon take yi, ba ta raba shi da ƙashi.

Wanda ƙafarsa ta riga ta lalace ma kada a fid da rai. Daga asibitin Gaya ana tura marar lafiya babban asibitin Doso ko Yamai, inda ake fiɗa a cire mataccen ƙashi. A 2010 an buɗe asibitin CURE a Yamai domin gyaran ƙasusuwan yara.

Maɗorin kirki shi ne wanda, in ya taɓa jikin yaro ya ji zafi, zai ce da uban: "Malam, wannan ba aikina ba ne, ku tafi likita."

Allah ya ƙara lafiya.