Sanarwar Bayan Taro Kan Buɗe Digiri Na Biyu Da Zai Haɗa Kimiyyar Zamantakewa Da Nazarin Ɗimbin Bayanai



Ƙungiyarmu, wadda ta haɗa malaman kimiyyar zamantakewa da na ƙididdiga da na kwamfuta daga jami'o'in Arewacin Najeriya, ta yi zama na yini biyu a Kano. Baya ga mambobi, zaman ya samu halartar ɗaliban digiri na biyu da na uku, da ma'aikatan lafiya a matakin farko, da wakilan masu riƙe da sarautun gargajiya. Bayan gabatar da maƙalu da muhawara mai tsawo, taron ya amince da fitar da wannan sanarwa.

Abubuwan da taron ya lura da su

Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun shekarar 2006, lokacin da aka samu mutum miliyan 140 da ɗoriya. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Ke nan ajujuwa da asibitoci da rijiyoyin burtsatse duk bisa ƙiyasi ake tsara su. A gefe guda kuma bayanai sai taruwa suke yi a wuraren da ba a yi su don bincike ba: rajistar NIN da ta haura mutum miliyan 100, lambobin BVN, layukan waya, cinikin POS, da hotunan tauraron ɗan'adam da ke iya nuna rufin kowane gida. Taron ya damu ƙwarai da ƙarancin mutanen da za su iya buɗe waɗannan bayanai da kwamfuta, su kuma san al'ummar da bayanan ke magana a kanta.

Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya nuna mutum miliyan 133 na fama da talauci ta fuskoki da dama, kuma miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. Alƙaluman sun nuna inda ciwon yake. Amma dalilin da ya sa ake cire yarinya daga makaranta a wannan ƙauye, a bar takwararta ta ci gaba a ƙauyen da ke maƙwabtaka da shi, sai wanda ya zauna da iyaye ya ji ta bakinsu ne zai iya faɗa.

Taron ya daɗe a kan darasin yaƙi da cutar shan-inna, domin a ƙasarmu aka yi shi, wasu mahalarta ma da su aka yi. A 2003 aka dakatar da rigakafin a Kano saboda zargin da ya bazu a kan allurar, ba a dawo da shi ba sai a 2004, kuma a tsakanin nan cutar ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Shekaru bayan haka aka fara amfani da hotunan tauraron ɗan'adam wajen zana taswirar unguwanni da rugage, aka kuma ba masu allura wayoyin da ke nuna inda suka taka. Sai ga ƙauyuka da rugage sun bayyana waɗanda babu su a taswirorin hannu da ake aiki da su a da. Wannan ci gaba ne babba. Sai dai taswira iyakarta ta kai ma'aikaciya ƙofar gida. Wanda ya sa mai gida ya ce a shigo shi ne mai unguwa da dagaci da liman, da matan unguwa da aka horar suka shiga ɗaki ɗaki suna yi wa 'yan'uwansu bayani, da sarakunan da suka ɗiga wa 'ya'yansu da jikokinsu maganin a bainar jama'a. Da ayyukan biyu suka haɗu ne aka kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta asali a watan Agusta na 2020. Taron na ganin irin mutumin da ya kamata jami'o'inmu su yaye shi ne wanda zai iya karanta taswirar, ya kuma san yadda ake yin sallama a zauren dagaci.

An duba misalai biyu daga waje. A lokacin korona, gwamnatin Togo ta yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam da yanayin amfani da waya wajen gano matalauta a karkara, ta tura musu tallafi ta waya a shirin Novissi. A Holan kuwa, hukumar haraji ta zargi dubban iyalai da zamba a kuɗin tallafin renon yara ba da haƙƙinsu ba, kuma tsarin kwamfutar da take tantancewa da shi yana ɗaukar asalin ƙasar mutum a matsayin abin tuhuma. Abin ya kai gwamnatin Mark Rutte ga murabus a watan Janairu na 2021.

Wannan ya ja hankalin taron ga waɗanda ba sa barin sawu a na'ura. A gidaje da yawa a karkararmu waya ɗaya ce, kuma a aljihun mai gida take kwana. Almajiri ba shi da asusun banki. Makiyayi da ɗan gudun hijira yau suna nan, gobe suna can. Duk manhajar da aka ɗora wa aikin zaɓen mabuƙata daga bayanan waya kaɗai, waɗannan za ta fara tsallakewa, alhali su ne suka fi kowa buƙata. Haka kuma abin da jama'armu ke rubutawa a Facebook da sauran kafofi da Hausa ne, cike da habaici da karin magana, wani lokaci a cakuɗe da Turanci. Taron ya yaba wa matasan masu bincike na HausaNLP da Masakhane da ke tattara rubutun harsunan Afirka don koyar da na'ura.

Jami'o'i irin su Oxford da Copenhagen sun riga sun buɗe digiri na biyu da ya haɗa kimiyyar zamantakewa da nazarin ɗimbin bayanai. A wajenmu kuwa katanga ce tsakanin sassa. Ɗalibin nazarin zamantakewa kan kammala da 'yan ɗaruruwan takardun tambayoyi, ɗalibin kwamfuta kuma ya gwada basirarsa a kan bayanan wata ƙasa da ya sauko da su daga intanet.

An samu saɓanin ra'ayi kan tsangayar da za ta riƙe shirin digirin da ake son buɗewa, kuma kowane ɓangare ya kawo hujja mai ƙarfi. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa makarantar karatun gaba da digiri na farko ce za ta riƙe shi, kuma kowane ɗalibi ya samu masu duba aiki biyu, ɗaya daga kowane ɓangare.

Matsayar taro

1. Taron na kira ga majalisun jami'o'inmu da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, da su amince da buɗe wannan digiri. A karɓi masu digiri a nazarin zamantakewa, tattalin arziki, labarin ƙasa, aikin jarida, lissafi da kwamfuta, a fara da zangon share fage: wanda bai iya rubuta manhaja ba ya koya, wanda bai taɓa yin hira da mutane don bincike ba ya koya.

2. Kada a ba kowa shaidar kammalawa sai ya yi zango guda a cikin al'ummar da yake nazari, ya kuma koma ya gabatar musu da sakamakon da harshen da suke ji. Matsalar da zai ɗauka ta zama tamu: ambaliya irin wadda ta auka wa Maiduguri a watan Satumba na 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau, mutuwar mata wajen haihuwa, yaran da ba sa makaranta, rikicin manoma da makiyaya.

3. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta zama darasi na dole. Bayanan mutane amana ce, kuma duk wanda aka samu ya tona asirin waɗanda ya yi bincike a kansu a sallame shi daga shirin.

4. Hukumar Ƙididdiga da Hukumar Ƙidaya da ma'aikatun jihohi su sauƙaƙa wa ɗalibai samun bayanan da aka cire sunaye daga cikinsu. TETFund kuma ta samar da ɗakunan kwamfuta masu wutar sola da intanet, tare da tallafin karatu, a ware wa mata kaso, domin akwai ɗakunan da mace ce kaɗai za ta iya shiga ta yi tambaya.

5. Taron ya kafa kwamitin da zai rubuta daftarin manhajar karatu, ya raba wa mambobi kafin zama na gaba.

Daga ƙarshe, taron na roƙon Gwamnatin Tarayya da ta tsayar da ranar ƙidayar jama'a ba tare da ƙarin jinkiri ba, domin da ita ake gwada ingancin duk sauran alƙaluman da ɗalibanmu za su yi aiki da su.

Sa hannu:
Shugaban Taro
Sakataren Kwamitin Sanarwa