Mu Muke Koya wa 'Ya'yanmu Fashin Makaranta

Duk magidancin da ka tara a Sabon Ibadan ka tambaye shi ko yaransa na boko, zai ce maka suna yi. Kuma ba ƙarya ya yi ba. An rubuta suna, an ɗinka yunifom, an sayi jaka da takalmi. Amma fito da hantsin ranar Litinin ka zaga layukanmu har ka ɓulla Mokola, ka ƙirga yaran da za ka gani: wannan da farantin goro a ka, wancan yana jiran shagon babansa, waccan da ƙaninta a goye. Sunayensu duk suna cikin rajista. Su ne dai ba sa cikin aji.

Mun saba, da an taɓo zancen nan sai mu ce ai ba a son mu, malaman nan ba sa kula da ɗan Bahaushe. Ba mu musa cewa akwai inda ake nuna mana bambanci ba. Duk wanda ya taɓa neman takardar shaidar ɗan asalin jiha ga yaron da aka haifa a nan, aka haifi ubansa a nan, ya san abin da muke nufi. Amma don Allah, 'yan'uwa, wane Bayarabe ne ya taɓa shigowa gidanmu da asuba ya hana yaro tashi ya tafi makaranta? Wannan kam aikinmu ne, da hannunmu muke yin sa.

Mu ɗauki Sallah. Gwamnatin tarayya kwana biyu ta saba bayarwa. Mu kuwa tun saura mako guda ake ɗaure kaya a hau mota zuwa Kano ko Katsina ko Sakkwato, a yi Sallah, a yi yawon gaishe-gaishe, sai an ga dama ko an sami kuɗin mota a dawo. Mako uku ya tafi. Zangon karatu kuwa gaba ɗayansa bai wuce mako 13 ko kusa da haka ba, ka ga ke nan kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya salwanta. Kafin yaro ya gama kwafe abin da ya wuce shi, bayan kamar kwana 70, Babbar Sallah ta ƙaraso, a sake ɗaure kaya. Kuma da yake watanmu yana ja da baya da kwana 10 ko 11 duk shekara, akwai shekarun da tafiyar ke faɗawa daidai kan jarrabawa. Ba a taɓa jin an fasa ba.

Sai biki. Za a aurar da 'yar ƙanen baba a gida, a kwashi yara shida a tafi, har da wanda ke aji shida na firamare yana shirin jarrabawar shiga sakandare. Wai kada dangi su ce an raina su. To dangin nan, idan yaron ya faɗi, su za su biya masa kuɗin maimaita aji? Zumunci wajibi ne, babu mai ja. Amma uwa da uba za su iya zuwa su wakilci gida, a bar yara wajen maƙwabta ko kaka. Sabo ba ta rasa wanda zai riƙe maka ɗa na kwana goma ba. Ga kuma dogon hutun watan Agusta zaune, babu mai amfani da shi.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne mun san illar fashi sarai. A makarantar allo, wa ya isa ya yi? Yaro ya kwana biyu bai zo ba, malam zai turo manyan almajirai su ɗauko shi caɗak, uwar kuma ta ce a gaida malam, Allah ya saka. Mun yarda cewa wanda ya tsallake darasu ba zai wanke allo ba, domin karatun yau a kan na jiya yake hawa. To lissafi ma haka yake. Yaron da ba ya nan ranar da aka koyar da rabawa, idan aka kai ga ɓangarorin lamba sai dai ya zauna yana zare ido. Ya yi haka sau uku, sau huɗu, sai ya tsani ajin, ya fara ratsewa gidan kallon ƙwallo da yunifom a jikinsa. Mu kuma mu yanke hukunci: ba shi da ƙwaƙwalwar boko, a kai shi kasuwa. Ƙwaƙwalwarsa lafiya lau take, mu muka yi ta cire shi muna mayarwa kamar cokali a miya.

A katin sakamakon da ake ba yaro ƙarshen zango akwai wani layi da ba ma dubawa. Yana nuna sau nawa aka buɗe makaranta, sau nawa yaro ya halarta. Mu dai na nawa ya zo muke tambaya, in ya zo na ƙarshe a ɗauko bulala. Mu riƙa duba layin nan tukuna. Sau da yawa wanda ya cancanci faɗan ba yaron ba ne.

Ga waɗanda ba su sani ba, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye su tabbatar ɗansu ya yi shekara tara a makaranta, shida na firamare, uku na ƙaramar sakandare. Ta tanadi gargaɗi a karon farko, tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya a karo na biyu, sannan naira 5,000 ko wata biyu in aka sake. Tarar ba ta kai kuɗin motar mutum ɗaya zuwa Kano ba, kuma ba don tsoronta muke magana ba. Muna faɗa ne don mu daina ganin kamar alfarma muke yi wa malamai idan mun turo yara.

Akwai fashin da ba makawa. Zazzaɓi yakan kwantar da yaro, akan yi rasuwa, wani lokaci gari ya rikice kowa ya kulle ƙofa. Akwai gidan da in yarinya ba ta fita da tallar safe ba, ba za a ɗora tukunya ba, kuma wanda bai taɓa kwana da yunwa ba kada ya yi saurin zagi. Amma ko a nan ɗin, me zai hana a sanar? Kowa na da waya a aljihu, muna kiran Legas da Maraɗi a kan farashin kaya, amma lambar malamar ajin ɗanmu ba mu da ita. Sai yaro ya ɓace mako biyu, ya dawo tsulum ba takarda ba bayani, malama ta yi magana, mu ce ta tsane shi. Kira ɗaya ya isa: Mama, yaro ba shi da lafiya, a taimaka a ba ɗan maƙwabcinmu aikin gida ya kawo masa. In Turanci ko Yarabanci ne matsala, yaranmu nawa ne suke jin duka biyun kamar a bakinsu aka yanka? Talla kuma a mayar da ita bayan an taso, ko Asabar da Lahadi.

Muna kira ga masu unguwanni da limamanmu da malaman Islamiyya. Yadda ake cigiyar wanda ba a gani a sahun Asuba ba, a riƙa cigiyar yaron da aka gani a layi lokacin aji. Da can a unguwar nan kowane babba yana iya tsayar da kowane yaro ya tambaye shi ɗan wane ne, ina za shi. Yanzu muna kauda kai don gudun bakin uwarsa. Iyaye mata, ku yi haƙuri, in Alhaji ko Malam ya dawo muku da yaro ƙofar gida da hantsi, ba cin fuska ba ne. Taron iyaye da malamai kuma, in an kira, mu je da kanmu, mu daina tura yayan yaro ɗan shekara sha biyar ya zauna a madadinmu.

Kafin kowa ya biya kuɗin motar tafiya ta gaba, ya aika a karɓo masa ranar fara jarrabawa.