NAZARI: Bayan yaye Windows 10, me ke tattare da goge kwamfuta a ɗora mata sabuwar manhaja?

Tun daga ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina aika wa kwamfutocin da ke aiki da Windows 10 gyare-gyaren tsaro da ya saba aikawa duk wata. Kwamfutocin suna nan suna kunnuwa, suna buga takardu, suna shiga intanet kamar da. Abin da ya sauya shi ne, duk wata kafa da 'yan dandatsa suka gano daga wannan rana, kamfanin ba zai toshe ta ba sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi.

Lamarin ya shafi Najeriya da Nijar kai-tsaye, domin da yawa daga cikin kwamfutocin da ke ofisoshi da makarantu da shagunan buga takardu na gwanjo ne, waɗanda suka gama zamaninsu a Turai da Amurka kafin su iso. Maganin da masu gyara suka fi bayarwa guda ne: a goge komai, a ɗora Windows 11 daga filash. Aikin ba ya cin sa'a biyu, amma akwai batun lasisi da na tsaro da ba a cika gaya wa mai kwamfutar ba.

Hanyoyi biyu, sakamako daban

Sauya babbar manhajar kwamfuta iri biyu ne. A hanya ta farko, ana ɗora sabuwar a kan tsohuwar daga cikin Windows ɗin da ke aiki, sai takardu da hotuna da sauran manhajoji su tsira. Ana kuma adana tsohuwar a wata ma'ajiya mai suna Windows.old, inda mai kwamfuta ke da kwana 10 ya koma gidan jiya idan sabuwar ba ta karɓe shi ba.

A hanya ta biyu, ana tayar da kwamfutar daga filash mai girman aƙalla gigabait 8, a share rumbun ajiya, a fara daga tushe. Wannan ta fi tsafta, domin tana kawar da tarkacen shekaru da ƙwayoyin cutar da suka maƙale. Sai dai ba ta da komawa. Wanda bai kwafe kayansa wani wuri ba, garin gyaran gira zai rasa ido.

Tsohuwar taƙaddama

Jayayya kan amfani da kayan sabuntawa wajen ɗora manhaja daga tushe ta daɗe. A zamanin faifai, Microsoft yana sayar da na sabuntawa a farashi mai rahusa, bisa sharaɗin mai saye ya riga ya mallaki tsohuwar Windows ta halal. Faifan Windows XP kan nemi a saka tsohon faifai ya gani kafin ya ci gaba. Da Windows Vista ta fito a 2007, masu amfani suka gano cewa idan aka ɗora ta sau biyu, ta farko ba tare da makulli ba, sai ta biyun ta ɗauki ta farkon a matsayin tsohuwar manhaja. Dabarar ta ci gaba har zamanin Windows 7 a 2009. Matsayin kamfanin shi ne, yiwuwar abu ba ta halatta shi ba: wanda ba shi da lasisin farko, ya karya yarjejeniya ko da manhajar ta yi aiki.

Windows 10, wadda ta fito ranar 29 ga Yuli, 2015, ta sauya tsarin. An ba masu Windows 7 da 8.1 damar hawa kyauta na shekara guda, kuma lasisin ya koma na dijital, wato ana ɗaure shi da sassan kwamfutar a rumbun bayanan Microsoft. Da farko sai an ɗora sabuwar a kan tsohuwar kafin a iya gogewa a sake daga tushe. A Nuwamban 2015 aka sassauta, aka yarda a shigar da tsohon makulli kai-tsaye. A hukumance tayin ya ƙare a Yulin 2016, amma ƙofar ta zauna a buɗe har Satumban 2023, lokacin da kamfanin ya rufe ta.

Ma'anar wannan a yau ita ce, kwamfutar da ta taɓa samun lasisin dijital na Windows 10 za a iya goge ta a ɗora Windows 11 ba tare da biyan kuɗi ba, muddin nau'in bai sauya ba: Home ta koma Home, Pro ta koma Pro. Wadda kuwa makullin Windows 7 kaɗai ke manne a bayanta, ta makara.

Katangar da ta tare kayan gwanjo

Ko da lasisi ya inganta, akwai shinge na biyu. Windows 11, da aka fitar ranar 5 ga Oktoba, 2021, tana buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0, da rumbu mai gigabait 64, da ƙwaƙwalwar Intel zubi na takwas zuwa sama ko takwararta ta AMD. Zubi na takwas ya fara shiga kasuwa ne a 2017, don haka yawancin kwamfutocin da suka girmi wannan shekara ba su cancanta ba, komai lafiyarsu. A ƙarshen 2023, kamfanin nazarin kasuwa na Canalys ya ƙiyasta cewa kwamfutoci kimanin miliyan 240 na iya zama shara saboda wannan sharaɗi.

A nan ne masu gyara ke shigowa da dabara. Manhajoji irin su Rufus suna haɗa filash ɗin da ke tsallake binciken TPM, sai Windows 11 ta hau tsohuwar kwamfuta. Microsoft ya yi gargaɗin cewa irin wannan kwamfuta ba ta da tabbacin samun gyare-gyare. Mai ita yana iya ganin sabon fenti a fuskar allo, ya ɗauka ya tsira, alhali wata rana gyaran tsaron na iya yankewa.

Haɗarin ya fi girma idan lasisin bai kama ba. Wasu kwamfutocin gwanjo sun fito ne daga kamfanonin ƙetare da ke amfani da lasisin jimla, wanda sai an sabunta shi daga uwar garken kamfanin cikin kowane kwana 180. Da zarar ya faɗi, wasu masu gyara kan nemi manhajar fasa makulli daga intanet. Irin waɗannan manhajoji sukan buƙaci a kashe mai gadin kwamfuta kafin su yi aiki, kuma masana tsaro sun sha gano ƙwayoyin satar kalmomin sirri a cikinsu. Kwamfutar da aka goge don ta tsarkaka, sai ta koma hannun mai ita da ɓarawo a ciki.

Darasin 2017

Zama a kan Windows 10 ba tare da gyara ba shi ma ba mafita ba ne. A Mayun 2017, ƙwayar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, ta hargitsa asibitocin Birtaniya, ta hanyar kafar da Microsoft ya riga ya fitar da maganinta tun watan Maris. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su ɗora gyaran ba. Ga asibiti ko makaranta ko ofishin da ke riƙe da bayanan jama'a a Najeriya, batun ya wuce asarar takardu, domin Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan alhakin tsare su.

Abin da ya rage

Microsoft ya buɗe wa ɗaiɗaikun mutane ƙarin wa'adi zuwa 13 ga Oktoba, 2026, a kan dala 30, ko kyauta ga wanda ya adana saitin kwamfutarsa a asusun Microsoft. Kamfanoni kuwa za su biya dala 61 kan kowace kwamfuta a shekarar farko, kuɗin yana ninkawa duk shekara har uku. Akwai kuma manhajojin kyauta irin su Linux Mint da Ubuntu da ChromeOS Flex, waɗanda ke tafiya a kan tsofaffin kwamfutoci, ko da yake ba duk manhajojin ofis ke aiki a kansu ba.

Wanda ya zaɓi gogewa, ya dace ya fara duba shafin lasisi a saitin kwamfutar ya san nau'in da yake da shi, ya kwafe kayansa, ya tabbatar an haɗa filash ɗin daga shafin Microsoft. Ya kuma adana makullin BitLocker, domin sabon zubin Windows 11 yakan kulle rumbu da kansa idan aka shiga da asusun Microsoft, kuma wanda ya rasa makullin na iya rasa duk abin da ke ciki. Mai shirin sayen ta gwanjo kuwa, kafin ya tambayi farashi, ya tambayi zubin ƙwaƙwalwarta.