Tsamin Kindirmo Iri Biyu Ne: Wanne Ya Dace Da Jariri?



Uwargida, idan kika sayi kindirmo a hannun 'yar Fulani a Bukan Sidi, nan Lafiya, tsamin da kika ji aikin wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani. Su ke cinye sukarin da ke cikin madara su mayar da shi sinadarin laktik asid. Irinsu ne ke tsamama gasarar koko. Wani masani ɗan Suwidin, Carl Scheele, ya fara ware sinadarin daga madarar da ta yi tsami a 1780.

Sinadarin nan iri biyu ne, ana kiransu L da D. Kamarsu ɗaya, kamar tafin hannun dama da na hagu, amma jiki ba ya karɓarsu daidai. Nau'in L jikinmu da kansa yana yin sa, musamman idan tsoka ta yi aiki, don haka yana sarrafa shi da sauri. D kuwa a hankali yake fita. A yogot ɗin kanti, Streptococcus thermophilus na samar da L, Lactobacillus bulgaricus kuma D. Wasu, irin su Lactobacillus plantarum, duka biyun suke yi.

Ga mai lafiya, babba ko yaron da ya haura shekara, wannan ba abin damuwa ba ne. Sha furarki da nono hankali kwance, muddin an tafasa madarar kafin a kwantar da ita.

Hattarar a wuri biyu take. Wanda aka yanke wa babban sashe na ƙaramin hanji, D na iya taruwa a jininsa, ya riƙa tangaɗi da ruɗewa, harshensa ya yi nauyi kamar ya bugu. Shi kada ya sha maganin probayotik sai da izinin likita, kuma idan alamun suka bayyana a garzaya asibiti.

Sai jarirai. Ƙa'idar Codex ta duniya ta ce a madarar gwangwani ta jarirai, ƙwayoyin da ke samar da L kaɗai aka yarda a sa. Kindirmon ƙwarya kuwa babu wanda ya tantance ƙwayoyinsa. Saboda haka ko kaka ta matsa, wai yaro ba ya ƙoshi, kada ki ɗura wa ɗan ƙasa da wata 6 kindirmo. Nonon uwa zalla ya wadatar da shi.