Daga Ɗakin Jinya: Kowa Na Ɗiba, Wa Zai Yashe Rijiyar?



Waya ta shiga gidajenmu, daga Yalwan Damai har Birnin Kudu da Gwaram, amma yawancinmu 'yan karɓa ne kawai: a turo mana murya a WhatsApp, mu tura gaba. Shi ya sa idan gudawa ta kama yaro da daddare, tallan maganin bogi kan riga sahihin bayani isa wayar uwa. Alhali haɗin ruwan gishiri da sukari, kafin a kai ga asibiti, bai wuce layi ɗaya ba: tsabtataccen ruwa lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali.

Wa zai rubuta irin wannan da Hausa in ba mu ba? Wikipedia ta Hausa 'yan sa-kai ke rubuta ta, kuma ƙofarta a buɗe take ga kowa. Ma'aikaciyar jinya na iya gyara shafin zazzaɓin cizon sauro, ta nuna inda ta samo hujjarta. Malamin makaranta ya ƙara bayani kan tsoffin zane-zanen Dutsen Habude na Birnin Kudu. Wadda rubutu ke yi wa nauyi, akwai Common Voice na Mozilla: ki karanta gajerun jimloli da muryarki, domin na'ura ta koyi jin Hausa, har da Hausar mata.

A wannan makon, 'yar uwa, ware minti 10 bayan isha'i ki gyara ko da jimla ɗaya ce. Wata uwar za ta sha daga nan.

Allah Ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya.