Injiniyanmu ba maƙirgin kuɗin wasu ba ne

An wayi gari da zarar matashi ya kammala karatun injiniya a EMIG ta Yamai, sai a shiga zuga shi ya nufi CESAG ta Dakar, ya ɗora da digirin tafiyar da kamfani ko na harkar kuɗi. An fi tura shi ga na biyun, wai a banki maiƙo yake.

Wannan hasara ce. Digirin kuɗi na raba injiniya da fagensa, ya zaunar da shi yana auna bashi da riba. Na tafiyar da kamfani kuwa na koya masa jagorancin ma'aikata, tsara kasafi da ƙulla yarjejeniya, yana nan kusa da injinsa. Ƙasar da ke haƙar uranium a Arlit tun 1971, take tace man fetur a Damagaram tun 2011, tana buƙatar ƴaƴanta da suka san ƙarfe kuma suka iya shugabanci.

Malamai, ku gaya wa ɗalibanku: su fara shan ƙurar ma'aikata na ƴan shekaru, sannan su nemi ilimin jagoranci. Wanda bai taɓa gyara inji ba, da wane baki zai umarci masu gyaransa?