Ƙyallen Koyo Ba Shara Ba Ne

A Amurka da Ingila akwai wata sana'ar ɗinkin bargo wadda mata suka fi yawa a cikinta. Akan shimfiɗa yadi, a ɗora auduga, a rufe da wani yadin, sa'an nan a bi su da ɗinki har ukun su zama abu guda. Duk wanda ya taɓa ganin lifidi jikin doki ran hawan salla ya san tushen aikin, don shi ma yadi ne da auduga a ciki, ɗinki ya riƙe su.

A da, gwanayen sana'ar ba su ganin darajar bargo sai wanda aka ɗinka da hannu. Al'amarin ya sake a 1989, sa'ad da bargon Caryl Bryer Fallert, ɗinkin keke, ya zo na ɗaya a babbar gasar da ake yi a Paducah ta Jihar Kentucky. Salon da masu keke suka fi yayi shi ne a sauke haƙoran nan da ke jan yadi a ƙarƙashin allura, mai ɗinki ta riƙa tura yadin da hannuwanta gaba da baya da gefe, tana fitar da ganye ko fure ko da'ira. Watau zane ne, sai dai alƙalamin na tsaye, takardar ce ke yawo.

Wannan aiki kuwa ba ya zaunawa a hannu sai da maimaici, domin tazarar ɗinkin ta dogara ga daidaita gudun keke da saurin hannu. Saboda haka mai koyo kan haɗa ƙananan ƙyallaye masu hawa uku ta yi ta gwaji a kansu, kafin a jima sun cika kwali. To, a nan gizo ke saƙar. Yadi da auduga da zare duk kuɗi ne, wadda kuwa ta ga kuɗinta na tafiya shara sai ta rage gwajin, in ta rage hannunta ba zai faɗa ba.

Maganin abin shi ne a kasa ƙyallayen kashi uku. Waɗanda suka yi kyau ciki da waje su ne na jaka mai zif, da gidan tabarau, da gidan waya, da ma'ajiyar allurai. Audugar da ke ciki ta riga ta ba su kauri da taushi, abin da ya rage yanka ne da haɗawa.

Kashi na biyu su ne masu kyan fuska da munin baya, inda zaren ƙasa ya cukurkuɗe don ba a daidaita ɗaurinsa ba. Waɗannan sai a lulluɓe bayansu da sabon ƙyalle, a kalmashe bakin, su zama abin ɗora kofi ko kwanon abinci a tebur. In na sauke tukunya ake so, murabba'i mai inci 8 ya isa, amma a haɗa biyu don kauri. Sai dai a kiyaye ƙwarai: audugar roba ta foliyesta narkewa take in ta ji zafi, ta ƙona hannu. Abin da zai taɓa tukunya lalle ya zama auduga tsantsa.

Na uku su ne waɗanda ɗinki ya hau kan ɗinki har ba a gane zanen. Su ma ba su rasa rana: su yi shimfiɗar kyanwa, ko a sa su tsakanin tangaraye kada su gogi juna, ko a daddatsa su a cusa matashi. Masu haƙuri kuma sukan daidaita girman ƙyallaye da yawa, su jona su da siririn yadi har su tashi da bargon jariri. Da yayyafi kogi kan cika.

Ko wane za a yi, akwai ƙa'ida guda. Almakashi na tsinka zaren zanen, ɗinkin ya soma warwarewa daga baki. Don haka a fara shata siffar da alli, a bi ta cikin layin da ɗinki, tukuna a yanka.

Bugu da ƙari, kada a yanke su duka. A ajiye ɗaya kowane wata, a rubuta kwanan wata a jikinsa. Ran da gwiwa ta yi sanyi, a jera na farko da na baya-bayan nan, ido zai faɗa wa mai koyo nisan da ta yi.

Kada kuma a rena tsumma. Matan ƙauyen Gee's Bend na Jihar Alabama da tsofaffin tufafin aiki suka riƙa ɗinka bargunansu don maganin sanyi, a 2002 kuwa aka rataye su a gidan nune-nunen zane na birnin Houston, jama'a na shiga kallo.